Gwaji kafin saye: me ya sa kekunan guragu da na'urorin ji ke ƙarewa a jingine a zaure?

Me ya sa mutumin da ya daɗe yana roƙon Allah ya hore masa keken guragu, idan ya samu sai a ga ba a jima ba ya jingine shi a zaure ya koma rarrafe? Me ya sa dattijon da 'ya'yansa suka haɗa kuɗi suka saya wa na'urar ji yake cire ta, ya ƙulle a ƙyalle, ya tura ƙasan akwati? Maganar nan takan taso a Zariya duk sanda aka yi rabon kayan tallafi, ko da azumi, ko ranar 3 ga Disamba ta masu buƙata ta musamman, ko idan siyasa ta kunno kai. Amsar da aka fi ji a majalisa ita ce butulci: an ba su sun raina, ko sun sayar, sun fi son bara.

Akwai wanda yunwa ke sa shi sayarwa, wannan ba a musu. Amma sau da yawa ba a nan matsalar take ba. Kayan ne bai dace da jikin mutumin ba, ko bai dace da gidansa da hanyarsa ba, kuma ba a taɓa ba shi damar gwadawa ba kafin a biya kuɗi. An yi cinikin biri a sama, sannan aka ɗora laifin a kan wanda ba a ko tambaye shi ba.

Wane kaya ake magana a kai?

Duk abin da ke taimaka wa mutum ya yi abin da jikinsa ya gaza yi shi kaɗai: keken guragu, sandunan dogarawa, ƙafar roba, takalmi na musamman, farar sandar makafi, tabarau, gilashin ƙara girman rubutu, na'urar ji, keken rubutun makafi, har da manhajar da ke karanta wa makaho abin da ke fuskar wayarsa. A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin kaya 50 irin waɗannan da ta ce su ne mafi muhimmanci. A 2022 kuma ita da UNICEF suka fitar da rahoton da ya ce mutum fiye da biliyan 2.5 na buƙatar aƙalla ɗaya daga cikin irin wannan kaya, kusan biliyan 1 ba su samu ba, kuma a wasu ƙasashe matalauta kashi 3 cikin 100 kawai na mabuƙata ke samu, alhali a wasu ƙasashe masu arziki ya kai kashi 90.

Ba wanda aka haifa da nakasa kaɗai maganar ta shafa ba. Tsohuwar da gwiwa ta ci, magidancin da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki, ɗan acaɓan da ya samu rauni a laka a hanyar Kwangila, yaron da sanƙarau ya kurmantar, mai ciwon sukari da aka yanke wa ƙafa, duk suna ciki. Da wuya a samu zuri'ar da ba ta da ko ɗaya.

Ba a nan kaɗai ake yasar da kaya ba

A 1993 wasu masu bincike biyu a Amurka, Phillips da Zhao, sun tambayi manya 227 masu nakasa game da kayan da suka mallaka. Suka gano cewa kimanin kashi 29 cikin 100 na kayan an daina amfani da su gaba ɗaya. Dalilan da suka fi fitowa huɗu ne: ba a ji ra'ayin mai amfani da kayan ba wajen zaɓe, an samu kayan cikin sauƙi, kayan bai yi aikin da aka zata ba, sai kuma buƙatar mutumin ta canza. A lura da na biyun nan. Abin da aka miƙa wa mutum haka kawai, ba aune ba shawara, ya fi saurin komawa lungu. Waɗannan kuwa ba mabarata ba ne, ba kuma yunwa ce ta sa su ba.

Keken guragu: a nan ɓarnar ta fi yawa

Jama'a na ɗaukar keke kujera ce mai taya, duk wadda aka samu ta yi. Ga wanda zai wuni a kai kuwa, ɗan bambancin da bai wuce faɗin yatsu biyu ba na iya kwantar da shi asibiti.

A fara da faɗin mazauni. Ana so ya rungumi ƙugu daidai, kada ya matse, kada ya yi yawa. Idan ya yi faɗi, mutum zai riƙa karkacewa gefe guda, hannunsa kuma sai ya buɗe sosai kafin ya kai taya, kafaɗa ta soma ciwo. Idan yaro ne mai girma, bayansa na iya tanƙwarewa a haka. Tsawon mazaunin ma ana barin tazarar yatsu biyu zuwa uku tsakanin bakinsa da bayan gwiwa. Matakin ƙafa idan ya yi sama, nauyin jiki duka sai ya koma kan ƙasusuwan mazaunai. Idan ya yi ƙasa da yawa, ya riƙa karo da dutse.

Sai matashin zama, wanda yawancin kekunan rabo ba sa zuwa da shi. Wanda ya samu rauni a laka sau da yawa ba ya jin komai daga inda raunin yake zuwa ƙasa. Ni da kai idan zama ya dame mu muna gyarawa ba tare da mun sani ba, shi kuwa jikinsa ba ya gaya masa. Fata ta danne, jini ya daina isa, wurin ya yi ja ko ya yi duhu, ya fashe, ya zama gyambon da ke cin nama har ƙashi. Wannan gyambo na kisa. Shi ya sa masu aikin suke cewa bayan mutum ya zauna a sabon keke a duba fatarsa, idan alamar dannewar ba ta baje ba cikin minti 30, to akwai gyara. Ba a gane wannan a filin taro ana ɗaukar hoto.

Yanzu a ɗauko keken a kai shi cikin birni, Kwarbai ko Limancin Kona ko Unguwar Juma. Irin keken nan mai naɗewa da aka saba gani a asibiti an ƙera shi ne don daɓe mai santsi, a tura mara lafiya daga ɗaki zuwa ɗaki. Tayoyinsa na gaba ƙanana ne, suna shiga rairayi su kafe, suna faɗawa kwata su kifar da mutum ta fuska. Ga dokin ƙofar zaure, ga kwanar da ke tsakanin zaure da tsakar gida, ga ƙofar banɗaki da ba ta kai faɗin keken ba. Da damina kuma lungun ya zama caɓi. Sai ka ga mutum yana da keke, amma sai an samu ƙarti biyu sun ɗaga shi kafin ya ga titi. Wa zai jure roƙon maƙwabta kullum? Ya sauka ya yi rarrafensa, aƙalla ba ya jiran kowa.

Keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, wanda masu walda ke ƙerawa, shi ya fi karɓuwa wajen waɗanda shan inna ya taɓa, kuma da dalili. Yana cin dogon zango, daga Tudun Wada zuwa kasuwar Sabon Gari ba komai ba ne, yana ɗaukar kaya, kuma tayarsa ta keke ce, kowane mai faci zai gyara. Amma ba ya shiga ɗaki, ba ya shiga aji ko ofis, kuma yana son hannu biyu masu ƙarfi da bayan da ke iya tsayuwa. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye ba abin da zai yi da shi. Yaron da ya samu rauni a ƙwaƙwalwa wajen haihuwa, wanda wuyansa ba ya tsayawa, shi kuma kujera yake buƙata mai tallafe kai da ƙirji da ƙugu. Uku ke nan, kowa da nasa, amma ranar rabo kala ɗaya ake sauke musu daga mota.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin bayar da keke tun 2008, ta sabunta a 2023, ta taƙaita aikin a matakai huɗu: a zaɓa tare da mai shi, a daidaita a jikinsa, a koya masa, a bibiye shi. Koyarwar nan ma ana raina ta. Yadda ake sauka daga keke zuwa gado, yadda ake ɗaga tayoyin gaba a haye dakali, yadda ake ɗaga jiki lokaci lokaci don fata ta huta, duk sai an koya.

Gwajin keke na gaskiya ke nan: mutum ya zauna a kai na sa'o'i, ya tuƙa a ƙasar da zai riƙa bi, ya shiga ƙofofin gidansa, a gwada loda shi a Keke Napep, a duba birki a gangare, a tambayi mai gyaran keken unguwa ko ana samun irin tayarsa. Idan ba za a bari a fita da shi ba, a ɗauki igiya a auna ƙofar da ta fi ƙanƙanta a gidan, a je shago da ita.

Na'urar ji ba lasifika ba ce

Ga yadda abin ke faruwa. Ɗa yana aiki a Abuja, ya lura duk sanda ya kira waya sai Baba ya ce “Na'am? Me ka ce?” Ya ga talla a Facebook, ya yi oda, aka kawo. Aka maƙala wa Baba a kunne, kowa ya zuba ido. “Baba, kuna ji yanzu?” Baba ya ce, “Ina ji, Allah ya yi albarka.” Washegari ya tafi masallaci da ita. Ƙarar lasifika, tarin mutane, jan takalma, babur a waje, duk suka afka masa a ka lokaci guda. Rawaninsa ya rufe na'urar ta soma fito. Ya dawo da ciwon kai, ya cire ta, kuma ba zai faɗa ba, don kada ran yaron ya ɓaci.

Abin da ya faru shi ne, kurumtar tsufa ba ta cin sauti duka daidai. Siraran sautuka take fara ci, irin su “s” da “f” da “sh”, shi ya sa tsoho ke cewa yana jin ana magana amma ba ya ganewa. Yawancin abin da ake tallatawa da arha ƙara sauti kawai yake yi, ya ɗaga wanda ake ji da wanda ba a ji baki ɗaya. Na'urar ji ta gaskiya sai an auna kunne tukuna, an ga sautukan da suka ɓace da iyakar ɓacewarsu a kowane kunne, sannan a saita ta a kan wannan. Ƙarar da ta wuce kima kuma tana iya lalata ɗan jin da ya rage.

Kafin ma a kai ga na'ura, likita ya leƙa kunnen. Wani dauɗa ce kawai ta toshe, a wanke ya ji garau. Wani kunnensa na zubar da ruwa, wannan magani yake buƙata da farko, toshe shi da na'ura ƙara masa ciwo ne. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika na da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, ga kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, tafiyar kimanin kilomita 80.

Ko na'urar mai kyau ce, gwajin yini ɗaya ba ya wadatarwa. Ƙwaƙwalwar da ta shekara ba ta jin wasu sautuka sai ta ɗauki makonni kafin ta saba. Da farko mutum zai ji muryarsa ta canza, ƙarar cokali a kwano ta dame shi. Ana komawa a rage nan, a ƙara can. Saboda haka ne jihohi da dama a Amurka suka wajabta wa masu sayarwa ba da wa'adin gwaji, galibi kwana 30. A cikin wa'adin nan ya kamata a je da ita ko'ina: masallaci ko coci, kasuwa, wajen suna, waya. Mace ta gwada da ɗankwali da hijabi, domin ƙyalle na goga a bakin na'urar ya yi ta ƙara. A saba da cire ta kafin alwala da wanka.

Sai batir, wanda shi ke kashe na'urori da yawa a ɓoye. Ƙananan batiran nan lamba gare su da launi: 10 rawaya, 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan lemo, 675 shuɗi. Da zarar an ɓare takardar da ke bayansu iska ta shiga, sun fara aiki ke nan, ko an saka ko ba a saka ba, kuma kwanaki suke yi, da ƙyar su wuce mako biyu. Kafin a biya kuɗi a tambaya: a ina ake samun wannan lambar a Zariya, nawa ne kuma a wata? Mai caji ta huta da wannan, amma ita ma sai an yi lissafin wuta. Yaro kuma robar da ake zuba masa daidai kunnensa sai an riƙa canzawa, domin kunnen na girma.

Makafi da waya: gwajin da ba ya cin ko sisi

Nan abin ya fi sauƙi, sai dai ba a sani ba. Wayoyin Android na da TalkBack, iPhone na da VoiceOver, dukansu suna karanta abin da yatsa ya taɓa. A kwamfuta akwai NVDA, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostireliya suka ƙirƙiro, kyauta ce, ana iya ɗora ta a filashi a gwada a kowace kwamfuta mai Windows. JAWS ta kuɗi ce, amma ana iya kunna ta ta yi aiki minti 40, sannan sai an sake tayar da kwamfutar. Ɗalibin da ke shirin shiga Jami'ar Ahmadu Bello, a harabar Samaru ko ta Kongo, ba shi da dalilin biyan kuɗi kafin ya gwada biyun.

Wayar kanta ita ce abin dubawa. Wata mai arha idan aka kunna mata murya sai ta yi nauyi, ka taɓa yanzu ta amsa an jima. A tsaya a shagon a kunna, a miƙa wa mai ita, ba ɗan rakiyarsa ba. Ya kira lamba, ya tura saƙon murya a WhatsApp, ya saurari yadda take karanta saƙon Hausa, domin idan muryar Turanci ce ke karantawa sai ta dagula kalmomin, wani na iya sabawa, wani ba zai iya ba. Manhajar banki ma a gwada ta da wuri. Wasu maɓallan ba a sa musu suna ba, muryar ba ta da abin faɗa, sai makaho ya koma ba wani lambarsa ta sirri.

Masu raunin gani, har da zabiya, su je da abin da suke son karantawa. Gilashin ƙara girma idan ƙarfinsa ya ƙaru, faɗin abin da yake nunawa raguwa yake yi, har ya koma kalma ɗaya ko biyu. Wanda ya yi wa takardar makaranta ba lalle ya yi wa Alƙur'ani mai ƙananan wasulla ba. Tabaran karatu da ake gwadawa a tire a kasuwa suna yi wa mutane da yawa aiki, amma ba sa gano yanar ido ko hawan jinin ido, kuma na biyun nan yana cinye gani a hankali ba ciwo. Gwajin tire ba ya maye gurbin likita.

Ƙafar roba, takalmi da sanduna

Ƙafar roba ba a aronta, domin kwandon da dungulmi ke shiga na mutum ɗaya ne. Gwajinta a wajen haɗawa yake: a saka, a taka, a cire a duba inda ta ci, a gyara. Dungulmin na motsewa a watannin farko bayan yanka, don haka wadda ta yi daidai yau za ta yi lako-lako nan gaba. Mai zuwa Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ko duk inda za a haɗa masa, ya sa kuɗin komawa a lissafi. Ya kuma gwada abin da zai riƙa yi kullum tun yana gaban mai haɗawa: tsugunno, sujada, zaman tahiya, hawa babur.

Waɗanda kuturta ta kashe wa jin ƙafa, irin waɗanda ake kula da su a cibiyar tarin fuka da kuturta ta Saye, da masu ciwon sukari, sabon takalmi ɗan lokaci kaɗan ake sa shi a cire a duba ƙafa, domin zai ji musu ciwo ba su sani ba. Sandunan hammata kuma ana barin tazarar yatsu biyu ko uku a ƙarƙashin hammata, nauyi a tafin hannu yake. Mai rataya a kansu yana danne jijiya, hannu ya mutu.

Gwaji iri uku, kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu

Akwai nuni, inda ake jera wa mutum kala biyu ko uku ya taɓa ya kwatanta tare da masani. Akwai aro na ɗan lokaci, ya tafi da shi gida ya dawo da shi. Akwai kuma saye da sharaɗin mayarwa. A Amurka dokar kayan tallafi ta 1998, wadda aka gyara a 2004, ta sa kowace jiha na da shirin nuni da aro da sake amfani da kayan da wasu suka gama da su. A Norwe gwamnati ce ke da rumbunan kayan, aro ake ba mutum, ya dawo da shi idan buƙata ta ƙare. A Ingila ƙungiyar Red Cross na ba da keke na ɗan lokaci.

Kada a ce wannan sai Turawa. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaurukan Zariya ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya wuce ta babin ciniki, inda aka ce ciniki bisa zaɓi ya halatta idan an yanka wa'adi na kusa, gwargwadon yadda za a jarraba hajar ko a yi shawara. A Mukhtasar na Khalil an kawo misalin wa'adin: kamar wata guda ga gida, kamar kwana uku ga dabba. Har an hana a shardanta biyan kuɗi kafin wa'adin ya cika. Malamanmu sun ba mai sayen jaki kwana uku ya duba lafiyarsa. To yaya wanda zai ɗora jikinsa duka a kan keke shekara da shekaru?

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar duba kaya, da mayar da wanda ya zo da aibi ko bai dace da buƙatar da aka gaya wa mai sayarwa ba. Don haka a faɗi buƙatar ƙarara, a rubuta ta a rasit. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Jihar Kaduna ma ta yi tata dokar a 2021, da hukumar da ke kula da al'amuransu. Wannan ya shafi maganarmu kai tsaye, domin keken da ya dace ma ba ya hawa matakala.

Hujjar ɗan kasuwa da ta mai kyauta

Ɗan kasuwa na da abin faɗa. Kayan nan yawanci da dala ake shigo da su, kuma kowa ya san yadda naira ta faɗi tun 2023. Kwalin da aka buɗe, tayar da ta taka ƙasa, sun zama na hannu, ba mai biyan kuɗin sabo. Abin da ya shiga kunnen wani ba a sa wa wani sai an canza robar an tsaftace. Idan kuma aka tafi da kaya ba a dawo ba fa? Duk gaskiya ne. Amma keke ɗaya na nuni daga kowane girma ba zai karya shago ba, kuma matsalar amana muna da maganinta tun da: mai tsayawa. Mai unguwa, limami, Sarkin Guragu ko Sarkin Makafi, shugaban ƙungiya, wani ya tsaya wa mutum, a rubuta ranar dawowa da wanda zai ɗauki asara idan an lalata. Wanda ya fi son haya ya karɓi kuɗin mako, a cire daga farashi idan ciniki ya faɗa.

Mai kyauta shi kuma cewa yake mabuƙata sun yi yawa, sari kala ɗaya ya fi arha, kuma ko ba komai da babu gara ba daɗi. A kan sanda ko tabaran karatu ana iya karɓar wannan. A kan keken mai raunin laka ko na'urar kunnen yaro ban karɓa ba, domin a nan abin da bai dace ba cutarwa yake yi. Keke 60 da aka auna masu su, aka haɗa da matashi, aka ware kuɗin gyara, sun fi 100 da za a jibge. Niyyar mai bayarwa ba ita ake tuhuma ba, Allah ya saka masa. Tsarin ne a juye: ana saye sannan a nemi mutane, maimakon a nemi mutane, a auna, sannan a saya.

Akwai kuma abin da ke tsakaninmu da ba a cika faɗa ba. An tarbiyyantar da mu cewa ba a raina kyauta, kuma mai nakasa ya fi kowa jin nauyin wannan, domin ya san ana jiran a ce masa mai butulci. Sai ya karɓa da hannu biyu, ya yi addu'a, ya tafi da abin da ya san ba zai yi masa ba. Mata sun fi shiga wannan hali. Wace ce za ta tsaya gaban maza a filin taro ta ce mazaunin ya matse ta?

Abin da Zariya za ta iya

Garin ba ya rasa kayan aiki. Akwai likitocin gashin ƙashi da na ƙashi da na ido a Shika, ga asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ga na Wusasa, ga Saye. Akwai ɗaliban injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Nuhu Bamalli da ke neman aikin kammala karatu, ga masu walda da masu gyaran keke a kowace unguwa. Akwai kuma kayan da ke kwance a gidaje: keken Hajiya da ta rasu, sandunan wanda ya warke daga karaya, kujerar yaron da ya girma. Mazhabar Malikiyya ta yarda a yi waƙafin abin da ake iya ɗauka. Ɗaki ɗaya a harabar masallacin Juma'a ko coci ko ofishin ƙungiya, da littafin rajista, da mai gyara, da ma'aikacin lafiya mai zuwa sau ɗaya a mako, ya isa a fara rumbun aro. Wanda aka ba keken da bai yi masa ba ya kawo ya musanya, maimakon ya kai kasuwa a saya a wulaƙance. Sharaɗi ɗaya da ba a sassautawa: masu amfani da kayan su ne za su riƙe ragamar wurin, domin gurgun da ya shekara ashirin a kan keke ya fi kowa sanin wanda zai jure hanyar Gyallesu da damina.

Kafin a kai ga haka, iyalin da ke shirin saye su fara da asibiti, su je kasuwa da ma'auni a rubuce, su tafi da mai shi ko da ɗaukarsa za a yi, su nemi wa'adin mayarwa a rasit. Idan wa'adin ya kusa cika a tambaye shi yadda ya ji, amma ba a gaban wanda ya biya kuɗin ba. A tura wanda ba ya jin kunyarsa, jika ko aboki ko 'yar'uwa mace idan mace ce, kurma kuma a samo mai iya maganar hannu. Kada a tsaya a “Ya yi?”, domin amsar kullum “Alhamdu lillahi” ce. A tambaye shi ina yake masa ciwo, wane wuri ya kasa zuwa da shi, wane lokaci ya cire shi jiya, kuma me ya sa.